Sunan da Aka Ba Ciwon Inna

Kwana goma sha ɗaya ke nan da dawowarsu daga Yamai, kuma a tsawon kwanakin nan babu wanda ya yi sallama a gidan Inna Sahura sai wani mai tallan gishiri, shi ma ɓatan kai ya yi.

Gidan nan fa, a da, da hantsi ba ka samun wurin aje ƙafa. Duk Kore Mairuwa an san furar Inna Sahura. Direbobin manyan motoci kan tsaya a bakin titi su aiko da ƙwarya, matan unguwa kuma su zo sayen fura su ɓige da hira har azahar. Yanzu turmi na kife, kaji ne kawai ke yawo a tsakar gida.

Ɗiyarta Zalihatu ce kaɗai ke tare da ita. Babansu ya rasu shekara shida, ƙanenta Rabo yana Kwatano ci-rani, sai ran Juma'a yake kira. Lakwal ɗin da take koyarwa kuma an tafi hutun damina, balle hayaniyar yara ta ɗebe mata kewa. Ita ce 'yar fari, don haka tun da Inna ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, saboda kunya. Da tana ƙarama "ke 'yar nan" ce. Da ta fara koyarwa sai Inna ta samu mafita, ta koma ce mata Madam. Shekarunta ashirin da huɗu a duniya ana haka, har Zalihatu ta daina jin abin a ranta.

To me ya kori mutane? Kalma ɗaya ce tak, wallahi.

Ranar da likitan Yamai ya duba takardun Inna, da Faransanci ya yi bayani. Zalihatu ta ji komai. Inna kuwa ta dubi wata ma'aikaciya da ke tsaye ta ce, "Ɗiyata, mi yac ce?" Ita kuma ta fassara mata yadda kowa ke faɗi: "Ciwon daji ne, Inna, a mama."

Zalihatu ta fita waje tana kuka ta kira Anas, wanda aka sa ranar aurensu bayan an cire hatsi. Anas ɗan kasuwa ne a Dogon Dutsi, mai butikin sayar da wayoyi, yaron kirki, ba ya fashin karatu a masallacin unguwarsu. Ya lallashe ta, ya yi addu'a, sannan ya shiga cikin gida ya gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Marwa, da zuciya ɗaya: "Sun ce daji ne."

Shi ke nan. Hajiya ba ta ji maganar ciwo ba, daji ta ji. Ai ta san asalin gidan. Marigayiya Shatu, uwar Inna Sahura, 'yar bori ce ta gasken gaske, wadda Doguwar Daji ke hawa, kuma tsofaffi sun ce Doguwar ce ta shanye ta har ta mutu. Kafin motar su Zalihatu ta iso Doso, magana ta riga su isa gida: abin gidan Shatu ya taso, ya kama Sahura, saura ɗiyarta.

A rana ta goma sha biyu, da hantsi, aka yi sallama. Zalihatu ta fito da sauri har zanenta na harɗe ta, don ta ɗauka Anas ne. Kwana biyar tana tura masa saƙo, yana karantawa, ba ya amsawa.

Gwaggo Karima ce, ƙanwar mahaifin Anas. Ita ce ta kawo goron sa rana watanni uku da suka wuce, ranar har guɗa ta yi a tsakar gidan nan.

Zalihatu ta shimfiɗa mata tabarma.

"Bar shi, ba zama zan yi ba."

Ta kawo mata ruwa a kwanon sha. Gwaggo ta dubi kwanon, ta kau da kai. "Na sha a hanya."

Inna ta fito daga ɗaki tana dafa bango, hannunta na hagu a kumbure, ta rufe shi da mayafi. Ta yi murmushi kamar babu komai. "Maraba da Karima. Kun zo lafiya? Ina su Hajiya?"

"Lafiya lau. Ya jiki?" Ba ta jira amsa ba. "Sahura, aiko ni anka yi. Hajiya ta ce maganar yaran nan a dakata tukuna."

"A dakata zuwa yaushe?"

"Ba ta faɗi ba."

Inna ta gyaɗa kai a hankali. "To. Ki ce mata na ji."

"Gwaggo," in ji Zalihatu, "mi munka yi?"

"Ba ku yi komi ba, ɗiyata. Amma kin san gidanmu gidan sunna ne. Wanga abu na daji, ba mu iyawa da shi. An ce daga uwa yake sauka ga ɗiya. Gobe ki haihu, ya bi jikokinmu?"

"Ba iska ba ne, Gwaggo! Ciwo ne na asibiti, suna ne kawai anka ba shi haka!"

"Madam," Inna ta ce a hankali. "Ba a ɗaga murya gaban manya."

Gwaggo Karima ta fita tana karanta wani abu ƙasa-ƙasa. A bakin zaure har da karkaɗe gefen hijabi.

Zalihatu ta durƙushe a gindin turmi ta fashe da kuka. Ba auren kawai take wa kuka ba. Tun a motar Yamai Inna ta ce mata abu ɗaya take roƙon Allah, ya bar ta ta ga an kai ta ɗakinta. Shi ne kaɗai abin da ke sa Inna ta haɗiye maganin da ke tayar mata da zuciya.

"Tashi," in ji Inna. "Kukan nan na mi ne? Ni da ke da ciwon ban yi ba."

"Inna, zan tafi Dutsi. Zan kai musu takardar likita su gani da idonsu."

Inna ta daɗe tana kallonta. "In kin tafi, abin da kinka sani shi za ki faɗi. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Zalihatu ta dama mata kunu ta aje kusa da gado, ta ɗauki ambulan ɗin asibiti ta cusa a jaka, ta fita tasha. A cikin motar akwai mata biyu 'yan unguwarsu, waɗanda suka sha furar Inna kyauta ba adadi. Da ta zauna sai suka matsa, har aka samu wurin mutum guda tsakaninta da su, a motar da ake cusa mutum huɗu a kujerar uku! Ta juya fuska ga taga tana kallon gonakin hatsi da suka fara fidda kai. In an cire shi ne aka ce za a yi biki.

Suka hango jan dutsen garin, mota ta shiga tasha. Ba ta bi ta butikin Anas ba, kai tsaye gidansu ta nufa.

Hajiya Marwa na zaune a baranda bisa darduma, da carbi a hannu. Kusa da ita wata yarinya fara, mai dogon hijabi, tana yanka mata kuɓewa. Zalihatu ta gane ta: Fati ce, ɗiyar wan Hajiya, wadda tun farko ita Hajiya ta so Anas ya aura. Oh, har an fara kawo ta taya aiki ke nan.

Zalihatu ta cire takalmi ta durƙusa. "Hajiya, ina wuninku?"

"Lafiya. Karima ba ta iso muku ba?"

"Ta iso. Shi ya sa na zo. Ku yi haƙuri, Hajiya, ba rashin kunya ba ne. Kuskure anka yi, na kawo shaida."

Ta miƙa ambulan. Hajiya ba ta taɓa ba. "Ni ban yi lakwal ba. Fati, kira mini Anas a waya."

Ba a jima ba ya shigo. Da ya ga Zalihatu sai ya tsaya cak. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ta so ta ji haushinsa, wallahi ta so, amma da ta gan shi haka sai tausayi ya riga haushin.

"Karanta mini wagga takarda," in ji Hajiya.

Ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya kai ƙarshe sai fuskarsa ta ɗan saki.

"Hajiya, ai abin da nike ta gaya muku ke nan. Kansa ce. Tsiro ne ke fitowa cikin jiki, likitoci na yi masa magani, wani lokaci su yanke shi. Ko a ƙasar Turawa ana yin shi, ko a Makka ana yin shi. Babu ruwansa da iska, babu ruwansa da bori. Hausawa ne kawai sunka sa masa suna daji."

"Ko a Makka?"

"Wallahi ko a Makka."

Hajiya ta aje carbi. Ta dubi Zalihatu, karo na farko tun shigowarta, kallo na sosai. Mace ce mai tsoron Allah, ba muguwa ba, tsoro ne ya yi mata yawa. Fati ta daina yankan kuɓewa.

"To, in haka ne mun ɗauki alhakin Sahura," in ji Hajiya. "Allah shi yafe muna. Amma tambaya ɗaya zan yi miki, ɗiyata, kuma tsakaninki da Allah. Shi wanga ciwo, ana gadonsa?"

Zalihatu ta dubi takardar da ke hannun Anas.

Babu wannan a takarda. A baki likita ya faɗa mata, bayan an fita da Inna. Ya tambaye ta da me kakarta ta mutu. Ta ba shi labarin da ta ji tun tana yarinya: ƙirjin Shatu ya kumbura, ya fashe, aka yi ta wasan bori ana yanka baƙar akuya, har ta cika. Likita ya cire tabarau ya ce mai yiwuwa irin ciwon nan ne. Ya ce ba dole ba ne ya same ta, da yawa ba ya samunsu, amma ta riƙa zuwa duk shekara ana duba ta. Ko Inna ba ta gaya wa ba.

Ta ɗaga ido ta dubi Anas. Yana tsaye bayan mahaifiyarsa, yana girgiza mata kai a hankali, idanunsa na roƙonta. A'a kawai za ta ce. Kalma ɗaya ta ɓata, kalma ɗaya za ta gyara, a cire hatsi a yi biki, Inna ta gani da idonta.

Ta ji muryar Inna a kunnenta kamar tana nan zaune.

"Hajiya," ta ce, hawaye na zubo mata, "likita ya ce wani lokaci yana bin jini. Ya ce ba dole ba ne. Amma ya ce mai yiwuwa shi ne ya kashe kakata."

Anas ya runtse ido.

"Shatu?" in ji Hajiya.

"I, Hajiya."

"Wato abin da ya ci Shatu, shi ne ke cin Sahura."

"Mai yiwuwa."

"Kuma daga uwa yake sauka ga ɗiya."

"Wani lokaci, Hajiya. Ba kullum ba. Kuma in an gani da wuri…"

"To mi ya sake?" Hajiya ta buɗe hannuwa. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. "Mu mun ce Doguwa, ku kun ce kansa. Suna ne kawai kunka sake mata, ɗiyata. Na gode da kinka faɗi gaskiya, Allah shi yi miki albarka. Amma ɗa guda gare ni namiji."

"Hajiya, don Allah," in ji Anas, ya durƙusa gabanta. "Rai da ciwo ai na Allah ne. Ku da kanku kuke gaya muna haka. Ni wa ya ba ni takardar cewa zan kai gobe?"

"Rufe mini baki. Anas, ka ji ni da kyau: in ka sake taka cikin gidan nan nasu, ban yafe ba."

Zalihatu ta tattara takardunta. Ɗaya ta faɗi, Fati ce ta ɗauko ta miƙa mata, ba ta iya haɗa ido da ita ba. Zalihatu ta yi sallama ta fita. Ta yi tafiya a hankali har bakin titi, tana sauraron ko za ta ji takun mutum a bayanta. Babu wanda ya biyo ta.

Da la'asar ta iso gida. Kunun na nan yadda ta bar shi, ya yi sanyi. Inna na zaune a ƙofar ɗaki ta kwance kitsonta rabi, ɗaya hannun ya gaza.

"Zo ki ƙarasa mini," in ji Inna. "An ce in sun fara ƙarin ruwan maganin ciwon nan gashi zubewa yake. Gara a yi masa kitson sallama."

Zalihatu ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, ta sa kan Inna tsakanin gwiwoyinta. Tana tsaga tana kuka, hawaye na ɗiga a kan gashin. A haka ta ba ta labari duka, har da abin da likita ya faɗa a kan Shatu, wanda ta ɓoye kwana goma sha biyu.

"Inna, ki yafe mini. Da na ce a'a, da kin ga bikin. Ni na ɓata da bakina."



"Ni na wanke gawar uwata," in ji Inna. "Na ga ƙirjinta. Ranar da na taɓa nawa na ji ƙullutun nan, na san baƙon. Shekara guda ina ɓoyewa, ina cewa ko in na yi shiru zai wuce ki bai gan ki ba." Ta kama hannun Zalihatu ta riƙe. "Ke ba za ki ɓoye ba. Duk shekara za ki tafi a duba ki, ko ina raye ko ba ni. Kin ji?"

"Na ji, Inna."

"Auren da za a ɗaura bisa ƙarya kuwa, ban son ganinsa. Ƙarasa kitson, kina ja mini gashi."

Suka yi dariya, irin wadda ke fita tare da majina. Ranar tare suka ci tuwo a kwano ɗaya, Inna ta yi loma biyar, Zalihatu na ƙirgawa a zuci.

Washegari babu saƙo. Jibi ma haka. Zalihatu ta daina duba wayar, ta jefa ta cikin kwandon tsumma. Ta wanke kayan Inna, ta haɗa jakar komawa Yamai, don ran Litinin za a fara ƙarin ruwa. Ita kaɗai za ta riƙe ta a mota, ita kaɗai za ta zauna a bakin gadon. Ta riga ta saba wa ranta da haka.

Ran Lahadi da hantsi tana shanya sai ta ji babur ya tsaya a waje. Aka yi sallama. Ta san muryar, amma ta ƙi yarda da kunnenta sai da aka sake.

Ta leƙa zaure. Anas ne tsaye a waje, cikin rana, ƙafafunsa dab da dokin ƙofa, bai tsallako ba.

"Shigo daga rana mana," ta ce, ba ta san ma ta faɗa ba.

"Ba ni iyawa. Kin ji abin da Hajiya tac ce." Ya share zufa da hannun riga. "Kwana uku ina juya maganar. Cewa ta yi kada in taka cikin gidan. Ba ta ce kada in tsaya a ƙofa ba. Ba ta ce kada in shiga motar Yamai ba."

"Malam, kada ka saɓa wa mahaifiyarka saboda ni."

"Ban saɓa ba, kuma ba zan saɓa ba. Na gaya mata inda za ni, ta juya mini baya, ba ta ce komi ba." Ya sunkuyar da kai. "Zalihatu, ranar nan ni na ce ki yi ƙarya. Ni mai zuwa karatu. Ke kinka ƙi. Tun ranar ban iya kallon kaina. Ban san yadda za ta ƙare ba, wallahi ban sani ba. Hajiya ba ta sauko ba, an ma fara maganar Fati. Ban zo da alkawarin komi ba. Na dai zo duba Inna, in an yarda."

Zalihatu ta jingina da bangon zaure, ta rufe fuska da mayafi. Taku uku ne tsakaninsu, kuma babu mai ikon cike shi.

Sai ta ji motsi a bayanta. Inna ce ke tahowa, tana dafa bango, taku ɗaya ta huta, taku ɗaya ta huta, da sabon kitsonta a ƙarƙashin kallabi. Tun dawowarsu daga Yamai ba ta taɓa zuwa zaure ba. Zalihatu ta yi sauri za ta riƙe ta, Inna ta ture hannunta. Da kanta ta iso bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa daga ciki.

Anas ya zube a kan gwiwoyinsa daga waje, cikin ƙasa. "Inna, ya jiki? Ku yafe mini, na yi latti."

"Da sauƙi, ɗana. Kai ne na farko, ina latti?"

Ta dube shi, ta dubi rana da ke dukan kansa, ta dubi dokin ƙofar da ke tsakaninsu. Sannan ta juya ga ɗiyarta. Bakinta ya motsa sau biyu kafin maganar ta fito, kamar mai koyon wani yare.

"Zalihatu," ta ce. "Kawo masa ruwa."

Zalihatu ta tsaya kamar an dasa ta. Shekara ashirin da huɗu. Ashe haka sunan yake a bakin Inna. Kuma ta san dalilin da ya sa yau kunya ta kau, ta san Inna lissafin kwanakinta take yi.

Ta shiga ciki ta ɗebo ruwa a kwanon da Gwaggo Karima ta ƙi taɓawa. Ta miƙa ta saman dokin ƙofa.

Anas ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya shanye.